Tsohuwar da Ta Ƙi Cewa Ba Ta da Kowa

Gidan tsofaffin da na yi aiki a cikinsa ba wanda ya zauna ya tsara shi. Bayan farin da aka yi a tsakiyar shekarun tamanin ne mutanen ƙauye suka riƙa kwararowa likitar garinmu, wadda ke bakin titi tsakanin Konni da Tawa. Waɗanda suka warke suka koma gida, waɗanda kwanansu ya ƙare aka kai su makwanci, sai aka rage da 'yan tsofaffi goma sha wani abu da ba su warke sarai ba, kuma ba mai zuwa ɗaukarsu. A bayan likitar akwai wasu ɗakunan ƙasa da aka taɓa ajiye gyaɗa a ciki. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke riƙe da likitar, ya sa aka share su aka shimfiɗa tabarmi. Haka gidan ya samu.

Ni aka ɗauka in kula da su, don na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya karanta abin da ke jikin kwalin magani, kuma kowa ya san ba ni da ƙyama. Abin da kowa ya ƙara sani shi ne ina da baki, amma Majo ya ce mai baki ake so a wurin tsofaffi. Aikina dafa abinci, wanke miki, da rabon faɗa, kuma rabon faɗan ya fi cin lokaci. Abinci kuwa daga gari yake zuwa. Da kaka manoma su aiko da dammunan gero na zakka, ran kasuwa mahauta su ba mu ƙashin miya, direbobin tasha su jefo mana albasar da ta fara tsiro. Ba mu taɓa ƙoshi har mu yi gyatsa ba, ba mu kuma taɓa kwana da yunwa ba. Ina son aikin nan. Ko yanzu in na ji ƙamshin hayaƙin kara da asuba, can hankalina yake komawa.

A cikinsu akwai wata tsohuwa daga wani ƙauye na gefen Tajaye, mai gyambo a ƙwauri wanda ba ya warkewa ba ya kuma ƙaruwa. Inna nake ce mata, kamar yadda nake ce wa sauran matan, amma ita ta ɗauki kiran da gaske. Ita ke gaya mini tuwona ya yi ruwa, ita ke cewa ɗaurin kallabina na marasa kunya ne. Kullum in na gama wanke mata ƙafa sai ta ce hannuna nauyi gare shi kamar na mai sussuka, amma ko Majo da kansa ba ta yarda ya taɓa ƙafar. Yini take tana kaɗi a gindin itacen bedin da ke tsakar gida, mazari na juyawa, yatsunta fari fat da alli. Zaren da ta tara ta ba wani masaƙi a kasuwa ya saƙa mata gwado mai kauri, ta naɗe ta sa a ƙarƙashin kanta. Na ɗanta ne. Shi ya kawo ta likita a kan jaki shekarar farin, ya ce zai tafi ci-rani Abijan, in kaka ta yi zai dawo ya ɗauke ta. Kaka ta yi ta wuce sau da yawa. Mijina direban babbar motar albasa ne, yana zuwa can, kuma duk tafiyar da zai yi sai ta sa an kira shi.

“In ka ga wani dogo mai wushirya, shina ɗan ɗingishi, ka ce mai uwatai na gaishe shi. Ka ce ƙahwar da sauƙi.”

Mijina ya durƙusa ya ce to, Inna. Ya tambaya kuwa, a zangon 'yan albasa da masallatan mutanenmu, ba wanda ya taɓa cewa ya san shi.

Farkon shekarun casa'in, bayan an gama girbi, Majo ya dawo daga wani taro a Konni yana fara'a har kunne. Ya ce wata ƙungiya ta ƙasar Turawa za ta ɗauki nauyin gidan: hatsi, mai, sabulu, magani, har da albashina, ni da nake karɓar abin da ya samu. Amma sai sun aiko mai dubawa daga Yamai tukuna, kuma sun bayar da sharuɗɗan da za a cika kafin ya zo. Majo ya karanta mini su da Faransanci, ya sake faɗa da Hausa, na ce duk wannan ai wasa ne.

Ba wasa ba ne. Aka kawo siminti daga Malbaza aka dafe ɗakuna, tsofaffi suka ce sanyinsa na shan ƙashinsu. Aka shafe bango da farar ƙasa ciki da waje. Aka haƙa sabuwar salga mai murfi. Aka hana kaskon wuta a ɗaki, aka fitar da murhuna daga inda iska ke taimakona aka kai shi wata kusurwa inda hayaƙi ke komowa idona. Awaki da kajin da tsofaffin ke kiwo aka ce ba su zama wuri ɗaya da marasa lafiya, sai na kora su gidana a bayan kasuwa. Mijina ya dawo daga tafiya ya tarar da bunsuru tsaye a kan tabarmar sallarsa. Ya dubi bunsurun, ya dube ni.

Sannan gadaje. Wani mai walda a Konni ya ƙera gadajen ƙarfe, aka kawo su da katifun soso. Ranar da aka jera su, mutanen gari suka zo kallo. Washegari da na shiga ɗakuna sai na tarar kusan kowa ya jera ƙorensa da ƙunshin kayansa a kan gado tsaf, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙasa ya kwanta. Wani makaho da ke cikinsu, mai son raha, ya ce da ƙuruciyarsa ma bai hau doki ba, ba zai fara hawan ƙarfe da furfura ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi musu alkawarin shayi. A hankali suka fara hawa, sai Inna 'yar Tajaye. Ita ta hau tun ranar farko ba gardama, ta miƙe ƙafa, ta ce daman irin wannan ɗanta ya ce zai saya mata.

Gaskiya gidan ya yi kyau. In na tsaya a ƙofa da hantsi na ga farin bangon nan da tsakar gida a share, sai in ji kaina ya yi girma, kamar ni na gina shi.

Ana saura 'yan kwanaki mai dubawa ya zo Majo ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya rufe ƙofa. Ya ce akwai sharaɗi ɗaya da bai faɗa mini ba. Ƙungiyar ba ta ɗaukar kowa sai wanda ba shi da kowa. Duk wanda aka samu yana da ɗa ko 'ya ko wani ɗan'uwa da zai iya riƙe shi, za a mayar da shi wurin danginsa, a ba wani gadon. Mai dubawa zai zauna da kowane tsoho ya tambaye shi da bakinsa.

“To, ke kin san mutanenmu,” in ji Majo. “Wanda ba shi da ko kare, in ka tambaye shi sai ya jero maka dangi har Makka. Ki tahi ki shirya su. Kowa ya ce ba shi da kowa, shi ke nan.”

Na san abin da yake nufi. A wurinmu mutum ya yarda ya ce ba shi da hatsi, ba shi da riga, amma ba ya buɗe baki ya ce ba shi da kowa. Wannan zagi ne da ake yi wa mutum in faɗa ya yi zafi, ba abin da mutum ke faɗa wa kansa ba. Na bi su ɗaya-ɗaya. Wasu suka kau da kai, sannan suka ce to. Makahon ya ce shi nasa duk sun mutu, gaskiya ce, faɗinta ne dai ba daɗi. Wata tsohuwa ta yi kuka, ni ma na taya ta, sannan ta yarda. Inna na bari ƙarshe don na san inda wuyar take. Na kuma san abin da ke jiranta in aka mayar da ita: wani ɗan ƙauyensu da ya zo awon hatsi ya gaya mini ɗakinta ya rushe tuni, gonar ma wasu ke nomawa, ba kuma mai wanke gyambo a can.

Na same ta a gindin bedi, na zauna, na ja audugar ina taya ta tsincewa.

“Inna, baƙon nan in ya tambaye ki ko kina da wani, ki ce ba ki da kowa.”

Mazari ya tsaya.

“Ni? Daga sama nif faɗo?”

“Ba haka ba ne, Inna. Magana ce ta takarda kawai.”

“Takarda ta haihe shi ko ni? Ɗana na nan da rai nai, in buɗe baki in ce babu shi? Kina so in rufe shi da bakina?”

“In kin ce kina da ɗa, Tajaye za su mai da ki. Wa zai wanke miki ƙafa can? Wa zai ba ki fura?”

“Wanda yab ba ni jiya.”

Nan haƙurina ya ƙare. Na tashi tsaye na yi ta faɗa, na ce shekara nawa ke nan ko saƙon goro bai aiko ba, na ce taurin kanta zai kai ta kwana a kango. Ta bar ni na gama, ta lashi yatsa ta taɓa alli, ta ci gaba da kaɗinta. Sai da na juya zan tafi ta ce kallabina ya karkace. Kwanakin da suka rage na sake gwadawa da safe, na gwada da marece, na sa makahon ya yi mata magana. Ko gezau. Tsoro ya kama ni sosai, don na saba da ita fiye da yadda na sani.

Mai dubawa ya iso da hantsi cikin farar mota. Na zaci Bature za a aiko, sai ga wani siririn Bazabarme mai tabarau, yana jin Hausa amma tana fita a karkace. Ni kuwa ubana Bagobiri ne, tsakaninmu da Zabarmawa akwai wasa, don haka tun a ƙofa na ce masa ashe bawana aka aiko ya duba ni. Ya yi dariya ya ce Gobirawa dai ba a raba su da cika baki, bari ya ga ko aikin ya kai bakin. Ya leƙa salga, ya danna katifa, ya buɗe tukunyata ya sunsuna. Mutum ne mai hankali, duk ɗakin da zai shiga sai ya yi sallama ya cire takalmi. Sannan aka kawo masa kujera gindin bedi, aka riƙa kawo tsofaffi, kowa na jin abin da ake faɗa. Kowa ya faɗi abin da aka shirya, murya ƙasa-ƙasa. Ni ina tsaye a gefe, ina jin kunya kamar ni na kashe musu dangi.

Inna ta fito ta sha kwalli, ta yafa zanenta na salla. Ta gaishe shi, ta tambayi mutanen Yamai kamar ta san su. Da ya tambaye ta ko tana da 'ya'ya, ta gyara zama.

“Ina da ɗa namiji, shina Abijan. Dogo na, mai wushirya.”

Majo ya dubi sama.  Amma baƙon bai rubuta komai ba, ya tambaye ta yaushe rabonta da shi. Ta ce tun shekarar fari. Ya aiko da saƙo? Ta ce hanya nisa gare ta. Akwai wanda ya gan shi? Ta ce garin babba na. Baƙon ya gyaɗa kai a hankali, na ga alƙalaminsa ya nufi inda yake sa wa sauran alama, na fara sauke numfashi. Sai ya ƙara tambaya ɗaya, ina jin don ya rufe maganar ne.

“Ke nan, Inna, a nan kusa ba ki da kowa?”

Ta dube shi kamar yaron da bai da wayo. Ta ɗaga hannu ta nuna ni.

“Wagga hwa? Ɗiyata ta.”

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Tsofaffi duka suka juyo, har makahon ya karkato kunne.

“Madam, gaskiya ne? Mahaifiyarki ce?”

Kalma ɗaya ake so in faɗa, irin wadda na yi kwanaki ina koya wa mutane. In ce a'a, ta zauna a gadonta, da hatsinta da maganinta. Uwata da ta haife ni tana nan da ranta a Konni, kowa a wurin ya sani. Na buɗe baki. Inna ba ta ma dube ni ba, tana gyara bakin zanenta, hankali kwance, kamar wadda ta ce yau Laraba. Sai na ji bakina ya ce, “Awo, innata ce.”

Majo ya tafa hannu ya ce inna lillahi, da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya ce to ai shi ke nan, mai 'ya a gari gidan 'yarta za ta koma. Ni na wuce madafa na tsaya ina ta goge tukunyar da na riga na wanke, ina jin haushin ta, da haushin kaina, da na ƙungiyar da ban taɓa gani ba.

Da baƙon zai tafi ya sa aka kira ni bakin mota. Ya ce shi ma a ƙauye aka haife shi, ya san irin wannan 'ya. Ya ce bai rubuta komai a kanta ba tukuna, in na ce masa yanzu, nan tsakaninmu, ba ita ta haife ni ba, zai sa ta cikin waɗanda za su zauna. Na ce Allah ya yi wa bawan nan nawa albarka, ya ɗan dakata in je in dawo. Na koma ciki da sauri, zuciyata fari, in gaya mata an gyara, ba inda za ta.

Na same ta zaune a bakin gadon ƙarfe. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗaure kayanta cikin zane, ƙwarya a kife a sama, mazari a soke a gefe. Gwadon yana kan cinyarta. Ta riga ta bi ɗakuna ta yi sallama da kowa, ta bar wa makahon ragowar goronta.

“Kin daɗe,” ta ce. “Ɗauko kayan mu tahi gida, rana na yi.”

Na tsaya a ƙofa. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, tun zuwanta. Shekarun nan duka tana zaune da gwado a ƙarƙashin kai tana jiran ranar da wani nata zai zo ya ce ta tashi a tafi gida. Na ɗora ƙunshin a kai. Da muka fito, tana dogara sanda tana bina, baƙon na tsaye jikin mota. Ya dube mu, ya mayar da alƙalaminsa aljihu, ya buɗe mata ƙofar gaba. A farar motar nan aka kai ta gidana, tana ɗaga wa 'yan kasuwa hannu.

Mijina na hanya a lokacin. Da ya dawo ya tarar da ita a ɗakin da ke kusa da rumbu, tana ba awaki dusa tana yi musu faɗa. Ya gaishe ta a durƙushe, sannan ya same ni a madafa.

“Na tahi na bar ki da uwa guda, na komo kin yi biyu. Awaki, yanzu tsohuwa. In na sake tahiya Majo zan iske a ɗakina?”

Iyakar abin da ya ce ke nan. Washegari ya sayo mata buta sabuwa. Uwata ta Konni ce ma ta ɗan yi fushi da ta ji, ta zo ta ga wadda ta ƙwace mata 'ya, suka yini suna hira, suka haɗa kai a kan cewa ban iya tuwo ba.

Taimakon ƙungiyar ya zo kamar yadda aka ce. Tsofaffi suka samu shinkafa da sabulu, ni na samu albashi, gadon Inna aka ba wani tsohon makiyayi da aka tsinta a tasha. Bayan 'yan shekaru ƙungiyar ta tattara ta tafi, muka koma ga dammunan zakka da ƙashin mahauta, gadajen dai suka rage mana. Inna kuwa kusan kullum sai ta bi ni can da sandarta, ta zauna gindin bedi ta yi kaɗi, da la'asar ta miƙe ta ce wa sauran ita za ta gida. Yadda take faɗin kalmar nan, da ɗan ɗaga kai, yana ba su haushi, ni yana ba ni dariya. 'Ya'yana suka tashi suna ce mata kaka, ta yi musu tatsuniya, ta rufa musu asiri in sun yi ɓarna. Mun yi faɗa da ita ba adadi, ban kuma taɓa yin da-na-sani ba.

A ɗakin nan na kusa da rumbu ta rasu, wata damina, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ni aka zo yi wa gaisuwa. Ni na zauna a tabarma mata na shigowa suna ce mini ya haƙuri, har daga Tajaye wasu suka zo, ba wanda ya tambayi yadda aka yi na zama 'yarta. Kafin ta rasu ta sa na ciro gwadon daga ƙarƙashin kanta, ta ɗora mini a hannu.

“In wanki na Abijan ya zo, ki ba shi. Ki ce ban yi hushi ba.”

Gwadon na cikin akwatina, duk shekara nakan fitar da shi ya sha iska saboda asu. Ban taɓa ganin mutumin ba, ban san ko yana da rai ba. Amma har yau in aka tambaye ni ko ina da 'yan'uwa maza, nakan faɗi na Konni, sannan in ce akwai wana guda a Abijan, dogo ne, mai wushirya.